Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Tarihin Araha a Las Vegas

A gaban otal ɗin Bellagio da ke Las Vegas akwai wani tafki da aka haƙa, faɗinsa kimanin eka takwas. Daga la'asar har tsakar dare, bututu fiye da dubu ne ke cilla ruwa sama suna bin sautin kiɗa, wani zubin ruwan ya zarce tsawon bene mai hawa talatin. Duk wanda ya tsaya a bakin titi zai yi kallo har ya gaji, babu mai tambayarsa tikiti. Otal ɗin kuwa, da aka buɗe shi a watan Oktoban 1998, ya ci dala biliyan 1.6. To, me zai sa kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya ya ajiye mafi kyawun abin kallonsa a waje, kyauta ga mai wucewa?

Amsar tana cikin tarihin garin. Fiye da shekara saba'in Las Vegas ta yi suna a Amurka da arahar ɗaki da arahar abinci da kallon kyauta, alhali kowa ya san gari ne da aka gina domin karɓar kuɗin baƙo. Wanda ya fahimci inda arahar ta samo asali, da wanda ke biyan kuɗinta, da dalilin da ya sa take janyewa a yau, zai iya yin hutun ƙarshen mako a can ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba, kuma ba tare da ya kusanci teburin caca ba. Wannan ya shafi da yawa daga cikinmu, domin garin na cikin manyan cibiyoyin taruka na duniya. Baje kolin fasaha na CES kaɗai yakan tara mutane sama da dubu ɗari kowace Janairu, kuma wanda taro ya kai yakan samu Asabar da Lahadi a hannunsa kafin jirgin komawa.

Ruwa, jirgin ƙasa da dokar 1931

Sunan garin da Sifaniyanci yana nufin fadamu. A tsakiyar hamadar Mojave akwai maɓuɓɓugan ruwa da suka ciyar da ƙabilar Paiute tsawon ƙarnuka, daga baya suka zama zangon fatake masu bin hanyar da ta haɗa New Mexico da Kalifoniya. Mabiya ɗarikar Mormon sun gina ɗan sansani na tubalin laka a wurin a 1855, suka watse cikin shekara biyu. Garin da aka sani a yau ya soma ne ranar 15 ga Mayun 1905, lokacin da kamfanin jirgin ƙasa na Sanata William Clark ya yi gwanjon filaye a gefen tasharsa. Jirage masu amfani da tururi suna buƙatar ruwa tsakanin Los Angeles da Salt Lake City, nan kuma ruwan yake. A shekarar da ta biyo baya aka buɗe Hotel Nevada a lamba 1, titin Fremont, ɗaki da abinci dala ɗaya a rana. Ginin yana nan har gobe da sunan Golden Gate.

Jihar Nevada ta haramta caca a 1909. Abin da ya dawo da ita shi ne karyewar tattalin arzikin Amurka. Ranar 19 ga Maris na 1931 Gwamna Fred Balzar ya sa hannu a dokar halatta caca, a shekarar kuma aka rage wa'adin zaman da ake buƙata kafin kotun jihar ta raba aure zuwa mako shida. Jiha ce mai ƙarancin jama'a da ƙarancin noma, sai ta zaɓi ta sayar wa baƙi abin da jihohinsu suka hana su.

Sa'a ta haɗu da dabara, domin a shekarar ce aka fara gina madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Kolorado, tafiyar kilomita hamsin daga garin. Gwamnatin tarayya ta gina wa dubban leburori gari na musamman, Boulder City, ta hana giya da caca a cikinsa. Ranar albashi sai su kwararo titin Fremont. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da madatsar a 1935, sai ta zama abin kallo na farko da ke janyo baƙi daga nesa, ta kuma ba garin wutar lantarki mai araha wadda daga baya ta haska allunansa.

Lissafin da ke bayan faranti

Kafin a gane arahar, sai an gane yadda gidan caca ke cin riba. A ɗauki wasan rulet irin na Amurka. Faifai ne mai juyawa da ke da gurbi 38: lamba 1 zuwa 36, sai sifili ɗaya, sai sifili biyu. Wanda ya canki lamba daidai ana biyansa ninki 35 na abin da ya zuba, alhali da adalci za a yi ninki 37 ya kamata. Wannan ɗan giɓi yana nufin cewa a cikin kowace dala 100 da aka zuba, dala 5.26 ta gidan ce idan wasa ya yi tsawo. Mutum ɗaya zai iya cin sa'a a dare ɗaya, amma jimillar dubban mutane a dubban darare ba ta taɓa kuɓuce wa lissafin. Saboda haka buƙatar mai gidan caca biyu ce kawai: mutane su shigo, kuma su daɗe.

A nan abinci ya shigo. A watan Afrilun 1941 Thomas Hull ya buɗe El Rancho Vegas a gefen babbar hanyar da ta fito daga Los Angeles, a wajen iyakar birni inda fili ke da araha kuma haraji ke da sauƙi. Shi ne otal na farko a titin da yanzu ake kira Strip. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wani jami'in tallan otal ɗin mai suna Herb McDonald ya shimfiɗa burodi da cuku da yankakken nama a kan kanta wani dare, ya ga 'yan caca sun yi caa a kai. Daga nan aka kafa teburin ci-ka-ƙoshi na tsakar dare a kan dala ɗaya. Otal ɗin yana faɗuwa a kan kowane faranti, amma ɗan cacan da yunwa za ta kora gida ƙarfe ɗaya na dare ya zauna har asuba.

Sauran gidaje suka bi sahu. Benny Binion, wanda ya buɗe Horseshoe a titin Fremont a 1951, ya yi suna da raba abin sha kyauta ga duk wanda ke wasa, babba ko ƙarami, da sayar da gasasshen nama a dala biyu cikin dare. Ya kuma jera takardun kuɗi na dala dubu goma guda ɗari a bayan gilashi, miliyan ɗaya cif, kowa ya zo ya ɗauki hoto kyauta. Hanyar zuwa wurin hoton ta cikin ɗakin caca ta bi. A 1959 Golden Gate ta fara sayar da kofin jatan lande a santi 50, a gari mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, kuma farashin bai motsa ba sai 1991, lokacin da ya koma santi 99. A shekarar 1959 ɗin ce wata mai zane, Betty Willis, ta tsara allon nan na maraba da ke ƙofar garin ta kudu. Ba ta yi masa rajistar mallaka ba, shi ya sa ake buga shi a kan riguna da kofuna ko'ina.

Duk wannan tsaba ce ake watsa wa kaza. Wanda ya ci abincin bai yi wasa ba ya ci bulus, amma wanda ke kusa da shi a teburi ne ya biya masa.

Arahar ba ta kowa ba ce

Akwai abu biyu a shekarun 1950 da bai kamata a tsallake ba. Na farko, bam. Daga watan Janairun 1951 gwamnatin Amurka ta fara gwajin makaman nukiliya a wani fili mai nisan kimanin kilomita 105 arewa maso yamma da garin. Ƙungiyar 'yan kasuwar Las Vegas ta riƙa buga kalandar ranakun gwaji, otal-otal suna shirya walimar asuba domin baƙi su hau bene su ga haske da turnuƙun hayaƙi. Gwaji ɗari aka yi a sarari kafin a koma ƙarƙashin ƙasa a farkon shekarun 1960. Ƙurar ta sauka a ƙauyukan Nevada da Utah da iska ta bi ta kansu, kuma sai a 1990 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda suka kamu da cutar daji. Wannan ma kallon kyauta ne da wasu suka biya kuɗinsa.

Na biyu, wariyar launin fata. Baƙaƙen fata su ne ke wanke kwanuka da gyara ɗakuna, amma ba su da ikon zama a teburin dala ɗayan nan. Manyan mawaƙa irin su Nat King Cole da Sammy Davis Jr. sukan cika zauren otal da 'yan kallo, a tashi su tafi unguwar Westside, hayin layin dogo, su kwana a gidajen haya. A watan Mayun 1955 aka buɗe Moulin Rouge a unguwar, otal na farko da ya karɓi kowa da kowa, ya rufe kafin shekara ta ƙare. Sai da Dakta James McMillan, likitan haƙori kuma shugaban reshen ƙungiyar NAACP, ya yi barazanar jagorantar zanga-zanga a kan Strip, sannan aka cim ma yarjejeniyar buɗe ƙofofi ranar 26 ga Maris na 1960. Masu otal sun auna asarar da hoton zanga-zanga zai jawo musu a jaridu, suka ga sulhu ya fi araha.

Daga 'yan daba zuwa kamfanoni

Kuɗin da ya gina yawancin otal-otal na farko na manyan ƙungiyoyin masu laifi ne. Bugsy Siegel ya buɗe Flamingo a Disambar 1946, aka harbe shi wata shida bayan nan. Irin waɗannan masu gida ba su damu da ko kicin ya ci riba ba, tunda ɗakin ƙirga kuɗin caca suke kallo, inda ake zare wani kaso kafin hukumar haraji ta gani. Zuwan attajiri Howard Hughes a 1966, da sayen Desert Inn da ya yi a 1967, da dokokin jiha na 1967 da 1969 da suka ba kamfanonin hannun jari damar mallakar gidajen caca, su suka fara sauya hannun da ke riƙe da garin.

Kamfanonin ba su kashe arahar nan take ba, faɗaɗa ta suka yi. Circus Circus, wanda Jay Sarno ya buɗe a 1968 da 'yan wasan tsalle-tsalle suna lilo a saman 'yan caca, ya koma hannun William Bennett da William Pennington a 1974. Su suka mai da shi masaukin mai ƙaramin ƙarfi da iyalinsa: ɗaki mai rahusa, abinci mai rahusa, wasa kyauta ga yara, injinan caca ga iyaye.

Sai gasa ta taso. Atlantic City ta buɗe gidan cacarta na farko a 1978, dokar tarayya ta 1988 kuma ta share wa ƙabilun asali hanyar buɗe nasu a yankunansu. Caca ta daina zama abin da sai an je Nevada. Martanin Steve Wynn shi ne Mirage, wanda ya buɗe a Nuwambar 1989 a kan dala miliyan 630, aka ce sai ya samu dala miliyan ɗaya kullum kafin ya riƙe kansa. A ƙofarsa ya gina dutse mai aman wuta da ke tashi kowane dare. Dabarar ta fitar da tallan daga cikin gini zuwa bakin titi: a tsayar da mai tafiya, ƙafarsa za ta ƙarasa ciki. Treasure Island ta biyo baya a 1993 da yaƙin 'yan fashin teku a kan jiragen ruwa na gaske. Tsofaffin gidajen titin Fremont, da suka ga kasuwa na guje musu, suka haɗa kai da hukumar birni aka rufe titin ga motoci, aka yi masa rumfar fitilu mai tsawon fiye da mita 400 a 1995. Tafkin Bellagio ya zo ya rufe zangon.

Shekarar da lissafi ya juya

A 1999 wani abu ya faru da ba a yi masa biki ba. A karon farko, kuɗin da otal-otal na Strip suka samu daga ɗakuna da abinci da shaguna da wasanni ya zarce na caca. A yau caca ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu ba. Ma'anar wannan ga baƙo a fili take. Tunda yawancin masu zuwa kallo da ci da taro ne ke kawo su, babu dalilin faɗuwa a kan faranti. Kowane sashe na otal aka ce ya ciyar da kansa.

Daga nan aka shiga tsinke arahar ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙirƙiro wani ƙarin kuɗin masauki na dole da ake ɗorawa kan farashin ɗaki kowane dare, wanda a manyan otal-otal yakan kai dala 50 ko fiye da haka. A 2016 kamfanin MGM ya fara karɓar kuɗin ajiye mota, abin da aka saba samu kyauta tun zamanin El Rancho. Yaƙin 'yan fashin teku ya tsaya a 2013. Bayan rufe garin saboda annobar korona a Maris na 2020, teburan ci-ka-ƙoshi da yawa ba su sake buɗewa ba, waɗanda suka rage a manyan gidaje kuma sun haura dala 60 ga mutum ɗaya. Ko a teburin rulet an ƙara gurbi na 39 mai sifili uku a wasu wurare, rabon gidan ya tashi zuwa dala 7.69 cikin ɗari. A Yulin 2024 aka rufe Mirage, dutsen ya yi amansa na ƙarshe.

Abin da ya rage ga mai kwana biyu

Abin da ya saura mai araha iri biyu ne: tsofaffin tarkuna da har yanzu ke janyo ƙafa, da kuma wuraren tarihi da na hukuma waɗanda ba gidan caca ke riƙe da su ba. Da su za a iya cika Juma'a zuwa Lahadi.

Daren Juma'a na titin Fremont ne. Wasan fitilun rumfar kyauta ne, haka makaɗan da ke kan dandamali, kuma a bakin titin ne Golden Gate take, inda komai ya fara. Masu shigar ban dariya da ke neman a ɗauki hoto da su kuɗi suke jira, gara a yi ciniki kafin a ɗaga waya. Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai Mob Museum, gidan tarihin manyan masu laifi, a cikin tsohuwar kotun tarayya inda kwamitin Sanata Estes Kefauver ya yi zaman bincike a Nuwambar 1950. Ana biyan kuɗin shiga, amma bai kai rabin tikitin wasan dare a Strip ba.

Safiyar Asabar a fita gari da wuri, musamman da bazara, domin zafin ya kai digiri 49 a Yulin 2024. Takawa a kan madatsar Hoover, mai tsayin mita 221, ba a biya, haka hawa gadar da aka buɗe a gabanta a 2010, inda ake hango ginin gaba ɗaya. A jikin duwatsun tafkin Mead za a ga farin zobe da ke nuna inda ruwa yake kaiwa a da. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan shan garin daga nan yake fitowa. Wanda ya fi son duwatsu sai ya nufi Red Rock Canyon a yamma, inda ake biyan kuɗin mota ɗaya a zagaya hanya mai kilomita 21, sai dai daga Oktoba zuwa Mayu ana kama gurbi ta intanet tukuna.

Da yamma a dawo Strip. Tsawonsa ya kusa kilomita bakwai, kuma gine-ginen suna yaudarar ido, abin da ake gani kusa yakan ci rabin awa. Bas mai hawa biyu da ake kira Deuce yana bin titin dare da rana har Fremont, tikitin yini guda kuma ya fi tasi ɗaya araha. A fara daga allon Betty Willis, a shiga lambun tsuntsaye na Flamingo, a wuce lambun furanni na cikin Bellagio da ake sauya wa ado sau biyar a shekara, a ƙare a bakin tafki bayan magariba, lokacin da ruwan ke tashi kusan kowane kwata na awa. Duk waɗannan kyauta ne, haka kallon bangon Sphere, ƙatuwar ƙwallon fitilu da aka buɗe a 2023 a kan dala biliyan 2.3. Abinci kuwa, a bar Strip a nufi titin Spring Mountain, inda gidajen cin abincin Asiya suka yi layi tun buɗe kasuwar Chinatown a 1995. Can ma'aikatan otal-otal ɗin kansu ke ci.

Lahadi ta tsohon gari ce. Ragowar sansanin 1855 yana nan a matsayin wurin tarihi na jiha, shigarsa daloli kaɗan. Kusa da shi akwai Neon Museum, maƙabartar allunan otal-otal da aka rushe, ciki har da na Moulin Rouge, wanda shi ma Betty Willis ce ta zana. Zauren karɓar baƙinsa ginin tsohon masaukin La Concha ne, aikin Paul Revere Williams, baƙar fata mai zanen gine-gine. Idan da sauran lokaci, Springs Preserve na kan ainihin wurin maɓuɓɓugan da suka ba garin suna, waɗanda yawan haƙar rijiyoyi ya ƙafar da su a farkon shekarun 1960.

Abu biyu ne ke cin kuɗin baƙo tun kafin ya fita kallo. Farashin ɗaki a daren Juma'a da Asabar yakan ninka na tsakiyar mako, ya fi haka idan akwai babban taro ko dambe, don haka a duba kalandar garin kafin a tsayar da rana. Sannan a nemi jimillar kuɗin ɗaki har da ƙarin nan na dole da haraji, a kuma gwada da masaukan da ba su da ɗakin caca.

Tsarin gine-ginen bai canza ba tun zamanin Binion. Hanyar zuwa lambu ko lif ko wurin cin abinci takan ratsa tsakiyar injina, a ɗakin da ba a cika ganin agogo ko taga ba. An gina tafkin Bellagio bisa lissafin cewa cikin kowane taron 'yan kallo wasu za su juya su shiga. Fiye da mutum miliyan arba'in ke zuwa garin a shekara mai kyau, kuma lissafin bai taɓa buƙatar dukkansu ba. Wanda ya kalli ruwan ya tashi ya sauka, ya gyara hularsa ya nufi tashar bas, ya karɓi rabonsa cikakke.